Takalmi mai tauri don farauta a duwatsun Adar: in saya ko in bari?

Ɗan Keita a Yamai

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka saba da hawan dutse.

Ni mutumin Keita ne, aiki ya zaunar da ni Yamai, amma duk lokacin sanyi nakan koma gida in yi mako biyu ko uku, mu fita neman zabi da zomaye ni da ƙannena da karnukansu. Wanda ya san wajenmu ya san yadda ƙasar take. Sama fako ne shimfiɗe da baƙar tsakuwa, sai ka zo bakin tudu ƙasa ta yanke, gangara ta nufi kwari, duk duwatsu ne da ba su zauna daram ba. Ka taka ɗaya, uku su biyo ka.

Bara a irin wannan gangarar na yi targaɗe. Takalmin baskit ne a ƙafata, bindiga a kafaɗa, jarkar ruwa mai lita 5 a baya, ina ratsa gangarar a kaikaice. Dutse ya juya ƙarƙashin ƙafar dama, takalmin ya nannaɗe kamar tabarma, idon sawu ya bi shi. Da kunnena na ji ƙas. A kan jakin wani mai itace aka sauko da ni, na yi wata biyu ina ɗingishi, har yau in sanyi ya sauko wurin yana yi mini tsami.

Shekaranjiya a kasuwar Katako na ga wani takalmin hawan dutse na bosho, ƙirar Jamus, fata mai kauri, wuyansa ya wuce idon sawu. Na kama shi da hannu biyu na ce in lanƙwasa, ko gezau. Jika 35 aka ce mini, wato sefa dubu 35. Sabonsa a Turai yakan kai yuro 300 zuwa 400, wato jika 200 zuwa 260 kuɗinmu. Maharban can suna yabon irin wannan mai taurin, amma su duwatsunsu da ƙanƙara, mu namu da rana da ƙaya. Taurin nan zai tsare mini ƙafa a Adar, ko wahala kawai zan saya da kuɗina?

Na Bouza

Wa alaikumus salam. Sannu yaya, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma ina nan ina saurare, don gangarar wajenmu ba ta fi taku sauƙi ba.

Baba Maharbi

Ɗiyana, sannu da jinya. Ni abin da na sani zan hwaɗa maka. Shekara arba'in da wani abu ina bin duwatsun nan, tun daga Tamaske har bayan Bouza, ban taɓa sa komi ba sai takalmin taya da baduku ka yanka mini, wani lokaci na roba. Ban taɓa karyewa ba, alhamdu lillahi.

Ƙahwa tana da ido. In ka taka dutsen da zai juya, tahin ƙahwarka ka hwaɗa maka tun ba ka sakar mai nauyinka ba, sai ka ɗage. In ka sa katako tsakaninka da ƙasa, ka rufe idon nan. Sannan nama yana da kunne. Zabon daji yana jin tsakuwa ta motsa tun daga nesa. Wanga takalmi naku mai nauyi, ƙwaram ƙwaram, wa zai tsaya jiranka?

Ka tambayi uwayenku. Lokacin da anka kawo aikin Keita a 1984, wanda Italiya ta ba da kuɗinshi, mata ne mafi yawa sunka yi ta ɗaukar duwatsu a kai, suna jera su a gangara don tare ruwa, suna gina ramukan shuka itace a jikin tudu. Da wane takalmi sunka yi? Silifa da roba, wasu ma ba komi. Duwatsun da sunka jera suna nan kana tsallake su in ka je farauta. Ba takalmi ya kada kai ba, zaman ofis ne ya kwance maka ƙahwa, kuma ka ɗauko ruwa mai yawa.

Jagoran Abzin

Baba, Allah ya ja kwana. Maganarka akwai gaskiya a ciki, kuma ni shaida ne. Na yi shekaru ina raka baƙi hawan Bagzan ta wajen Tabelot, har kan Idukal-n-Tagas, tudun da ya fi kowane tsawo a Nijar, mita 2,022. Mutanen da ke zaune a saman Bagzan da faɗe suke hawa da sauka, kuma babu Baturen da ke kamo su. To amma abu biyu ne. Tun suna yara suke taka dutsen, tafin ƙafarsu ya zama fata biyu. Na biyu kuma jaki ke ɗaukar kayan, ba bayansu ba. Ɗan'uwanmu wata goma sha ɗaya yana taka kwalta a Yamai, sannan ya zo da kaya a baya da ƙafar da ta riga ta taɓu. Ba hukuncinsu ɗaya ba.

Ɗan Keita, ga abin da taurin yake yi. A cikin ƙasan takalmin, tsakanin roba da inda ƙafa ke zama, akwai wani falle mai ƙarfi da aka shimfiɗa, yawanci na nailan, a masu tsada kuma na zaren gilashi ko na kabon. Shi ke hana takalmin lanƙwashewa da murɗewa. In kana ratsa gangara a kaikaice, ba duk tafin ƙafa ke taɓa ƙasa ba, gefe ɗaya ne kawai. Takalmi mai laushi sai ya bi karkatar ƙasar, idon sawu ya karɓi dukan nauyin. Mai tauri kuwa kana kafa gefensa a ƙasa kamar bakin fartanya, ya yi maka ɗan dandamali ka tsaya a kai miƙe. Haka in kana hawa tsaye, ka ɗora kan yatsu a ɗan tsinin dutse, takalmin ya ɗauke ka gaba ɗaya, sha-raɓa ba ta ƙonewa da gajiya. Kuma tsinin duwatsu ba ya cin tafin ƙafa, wanda shi ke sa mutum ya kasa taka ƙasa washegari.

Kuɗin da ake biya shi ne a fili. A kan fako ko cikin yashin ƙorama, ƙafa tana son ta lanƙwashe a gindin yatsu, takalmin ya hana, sai diddige ya riƙa ɗagawa yana gogar baya. Nan bororo ke fitowa. Ga nauyi, ƙafa biyu sukan kai kusan kilo 2.

Ɗan Keita a Yamai

Baba na gode, maganar zaman ofis ban musa ba. Malam Jagora, to farautarmu ai haɗe take. In na ƙiyasta, kashi biyu cikin uku fako ne da kwari, kashi ɗaya ne gangara. Sai dai a kashi ɗayan nan ake jin ciwo.

Jagoran Abzin

To ka ba kanka amsa. Taurin hawa-hawa ne. Turawan Ingila sukan kasa shi huɗu, daga B0 zuwa B3. B0 shi ne mai laushi na yawo. B1 yana da ƙarfi amma yana ɗan ba da kai. B2 da B3 an yi su ne don a ɗaura musu ƙarafunan taka ƙanƙara, B3 ba ya lanƙwasuwa sam. Kamfanin Meindl na Jamus kuma da haruffa yake nasa, daga A zuwa D, D ne mafi tauri. Mu da ba mu da ƙanƙara, B3 ko D ba namu ba ne. Abin da ya dace da Adar shi ne na tsakiya, kamar B1, ko abin da Meindl ke kira B/C.

Tun da na bosho ba kullum ake samun rubutun ba, hannu zai gaya maka. Gwaji biyu ne, kuma mutane ɗaya kawai suke yi. Na farko, ka kafa kan takalmin a ƙasa ka danna daga diddige. Ana so ya ɗan lanƙwasa a daidai gindin yatsu, da ƙyar, ba a tsakiya ba. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci gare ka: ka riƙe gaba da hannu ɗaya, baya da ɗaya, ka murɗa kamar mai matse wanki. Nan ake so ya ƙi. Wanda ya ƙi murɗuwa amma yana ɗan lanƙwasa gaba, shi kake nema. Wanda ka gani da ka ce ko gezau, ina zaton ya yi maka yawa.

Baba Maharbi

Maganar kaya a baya na karɓa, mu ba mu ɗaukar jarka, gora guda ta ishe mu. Amma ba ka ce komi ba kan ƙara. Ko kun yarda ku koro nama tun daga gindin tudu?

Jagoran Abzin

Ban tsallake ba Baba, ba ni da abin cewa ne. Mai tauri ya fi ƙara, gaskiya ce. Ana rage ta da taka gefen ƙafa a hankali, amma ba za ta kai shirun takalmin taya ba.

Hajiya mai bosho, Wadata

Salamu alaikum. Ni ba maharbiya ba ce, amma shekarata goma sha biyu ina kwance dilar takalma, kuma irin waɗannan suna faɗo mini. Ƙanena, kafin ka ba da jika 35 ka saurare ni.

Yawancin takalman nan na hawan dutse, tsakanin baƙar robar ƙasa da fatar sama akwai wani soso mai ƙarfi, wanda ake rubuta sunansa PU. Shi wannan abin yana tsufa ko an sa takalmin ko ba a sa ba. Damshin iska ke cin sa a hankali, zafi ya ƙara masa sauri, kuma wanda aka ajiye shekaru a cikin kwali ya fi saurin mutuwa a kan wanda ake takawa. Shi ya sa za ka ga takalmi fes, ƙasansa ko kaɗan bai cinye ba, ka ce ka yi tsintuwa. Mai shi ya saya ne ya hau dutse sau biyu ya ajiye shekara goma. Ka sa shi kwana ɗaya, ƙasan ya ɓare ya bar ka, sosan yana zuba kamar garin ƙuli-ƙuli.

Ni da kaina na mayar wa wani bawan Allah kuɗinsa saboda haka, tun daga ranar nake duba kowane. Ka sa farcen babban yatsa ka danna sosan ta gefe da ƙarfi, musamman wajen diddige. In ya koma yadda yake, da sauran rai. In farce ya shige, ko ka ga ƙananan tsaga, ko yana danƙo a hannu, ko gari ya biyo farcen, ka ajiye ko kyauta aka ba ka. Ka ɗaga harshen takalmin kuma, wasu kamfanoni suna buga wata da shekarar ƙira a nan. Wanda ka ga ya ɗan ci ƙasa ya fi mini kwanciyar hankali a kan wanda yake kamar sabo.

Na Bouza

Hajiya, wallahi kamar kina wurin. Ni ya faru da ni. Na sayi wani a kasuwar Tawa, mai kyau, ja da baƙi. Fitar farko, muna tsakiyar hawa, na ji ƙafar hagu tana tafi, faf faf. Na duba, ƙasan ya buɗe baki tun daga yatsu har tsakiya. Da igiyar kare na ɗaure shi. Kafin mu sauko na dama ma ya bi sahu. Na iso gida a kan wani farin falle mai santsi, ina rarrafe a wuraren da ke da gangara. Ban san dalili ba sai yau, na zaci gam ne kawai ya saki.

Baduku na Tawa

Ana kawo mini irin su duk shekara, a ce in sa gam. Gam ba ya kama gari. In sosan ya mutu sai a kankare shi duka har a tarar da falle, a sa wani sabo, kuma mu nan ba mu da irin nasu, sai dai in yanka roba in jera. Zai yi tafiya, amma ba zai koma yadda aka ƙera shi ba.

Shi ya sa ni in za a bi tawa, a nemi mai ɗinki. Ka duba inda fata ta haɗu da ƙasa. In ka ga zare layi biyu ya zagaye takalmin ta waje, fatar ta ɗan baje an ɗinke ta a kan ƙasan, wannan tsohuwar ƙira ce, kuma ita ce abokiyar talaka. In robar ta cinye zan ɓare in sa wata, ko ta taya ce, sau uku sau huɗu, muddin fatar tana da rai. Yana da nauyi, yana da wuyar sabo, amma na san wanda ya shekara goma sha biyar da nasa.

Abu na biyu, a nemi wanda aka zagaye gindinsa da baƙar roba kamar ɗamara, ta rufe kan yatsu da gefe. Baƙin dutsen Adar yana yanka fata kamar aska, wurin yatsu yake fara ci.

Mutane suna tambayata tambarin nan rawaya mai kusurwa takwas da ke ƙasan takalmi, Vibram. Kamfanin Italiya ne mai yin robar ƙasa, wasu su saya su liƙa a nasu. Wani mahayin dutse Vitale Bramani ya fito da ita a 1937, bayan abokan hawansa shida sun mutu a kan dutse a 1935. Roba ce mai kyau, amma tambarin ba ya gaya maka lafiyar sosan da ke samanta, kuma akwai na jabu.

Sai kula. Don Allah a daina shafa wa irin wannan takalmi man shanu ko man gyaɗa. Yana sa fata ta yi laushi ta saki, taurin da ka saya ya tafi, ɗinki ya ruɓe. A goge ƙura da burushi, a shafa kakin takalmi kaɗan. Kada a shanya shi bakin wuta, kada a bar shi cikin mota a rana. Zafin watan Afrilu da Mayu a nan yana wuce digiri 40 a inuwa, cikin mota rufaffiya kuwa gam narkewa yake.

Tsohon Soji

Ku kuna ta wahalar da yaro. Ya sayi ranjas, takalmin soja, ya huta. Mun yi sintiri da su a duwatsu da yashi, wuyansu ya kai ƙwauri, ƙaya ba ta shiga, ƙarangiya ba ta kama fata, kuma kowane mai gyaran takalmi ya san su. Kuɗinsu bai kai rabin wannan ba.

Jagoran Abzin

Yallaɓai, ranjas suna da amfaninsu, kuma sun fi baskit nesa ba kusa ba. Amma ka ɗauki naka ka yi gwajin matse wankin nan. Yawancinsu suna murɗuwa. Dogon wuya ba shi ne tauri ba, fata ce kawai ta hau sama. Abin da ke riƙe ƙafa a gangara yana ƙasa, da kuma ƙoƙon da diddige ke zama a ciki.

Tsohon Soji

Na gwada yanzu. Ya murɗu, amma ba sosai ba. Ni dai ban taɓa faɗuwa da su ba.

Majo

Ina aiki a wata ƙaramar likita a karkarar Madawa, bari in sa baki ta ɓangarena.

Yaya Ɗan Keita, kowane takalmi ka saya, kada ka ɗora masa duk amanar ƙafarka. Idon sawun da ya taɓa targaɗe ya fi saurin sakewa, don jijiyoyin sun saki kuma ƙafar ta rage jin inda take. Ana maido da wannan da motsa jiki. Kullum ka tsaya a kan ƙafar ita kaɗai, ba takalmi, minti ɗaya, sau uku. In ya yi sauƙi ka rufe ido, in ya ƙara sauƙi ka hau kan matashi. Ka riƙa ɗaga diddige kana tsayawa kan yatsu a bakin matakala. Ka fara tun wata biyu kafin tafiya. A nan maganar Baba ta fito, ƙafa tana da ido, kuma idon nan ana wasa shi.

Amma Baba, ka yi mini haƙuri, a kan takalmin taya ba na tare da kai, saboda kububuwa. Tana son irin wuraren nan masu duwatsu da busasshiyar ƙasa, ƙarama ce, launinta ya saje da tsakuwa, kuma ba ta gudu. Mafi yawan saran da ke zo mana a ƙafa ne, daga idon sawu zuwa ƙasa. Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum ya ga kamar ba komai, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi da fitsari. Fata mai kauri da ta rufe idon sawu, da wando mai kauri a sake a kanta, suna hana da yawa daga cikin saran nan. Ban ce duka ba. In ƙaddara ta faɗa, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tam da igiya. A cire takalmin tun ƙafa ba ta kumbura ba, a hana mutum tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa inda ake da allurar dafin maciji.

In kun kwana a daji kuma, a kife takalmi a kakkaɓe kafin a zura ƙafa. Kunama tana son ɗuminsa.

Baba Maharbi

Ɗiyata, kububuwa ta kashe mini kare biyu, kuma ta sari ƙanena a diddige, da ƙyar anka samu kanshi. A nan ba ni da ja.

Ma'aikacin gandun daji

Gafara dai, ba na so in ɓata hira, amma aikina ne in tuna. Farauta a Nijar tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998. Mai fita da bindiga yana buƙatar takardar izinin farauta, ban da takardar bindigar kanta, kuma akwai lokacin buɗewa da na rufewa, akwai dabbobin da ba a taɓawa ko yaushe. A biya ta ofishinmu na yanki a tambaya kafin a fita. Na faɗi haka ne don na ji an ambaci Abzin. Gandun Abzin da Tenere yana cikin jerin wuraren gadon duniya na UNESCO tun 1991, ba wurin harbi ba ne, kuma ragon dutse da barewar da suka rage a can ba su da yawa. Takalmi mai kyau yana kai mutum inda da ba ya iya kaiwa, inda naman ya samu mafaka ke nan.

Kan takalmin kuwa, mu ma muna yini a tudu, kuma ina bayan Malam Jagora, na tsakiya.

Ɗan Keita a Yamai

Ranka ya daɗe, takarduna suna nan, kuma ban wuce zabo da zomo da fakara. Na gode da tunin.

Ɗalibi a Jami'ar Tawa

Kawunnaina ina da tambaya. Wasu ana rubuta musu Gore-Tex, an ce ruwa ba ya shiga. Ba shi ne ya fi ba?

Jagoran Abzin

A ƙasar ruwa da ƙanƙara shi ya fi. Wani siririn mayafi ne da ake sawa tsakanin fata da shafin ciki, mai ƙananan ƙofofi da ɗigon ruwa ba ya iya ratsawa amma tururin gumi yana fita. Sai dai tururin yana fita da kyau ne in waje ya fi cikin takalmin sanyi. A rana irin tamu gumi ya fi ƙarfinsa, ƙafa ta yini a jiƙe, fata ta yi laushi, bororo ya samu hanya. Farautar rani ba ta gamuwa da ruwa. In da zaɓi, a ɗauki mai shafin fata a ciki, ba mayafin. In babu sai mai shi, ba laifi, a tafi da safa biyu a riƙa canzawa da azahar.

Wanda za a guje wa gaba ɗaya shi ne mai rufin sanyi. In ka ga an rubuta Thinsulate, ko 200 g, ko 400 g a jikinsa, an yi shi ne don mai zama cikin ƙanƙara. Ko a saman Bagzan, inda dare yakan yi sanyi har ruwa ya kusa daskarewa a watan Janairu, safa mai kauri ta wadatar.

Tun da na dawo, bari in ƙarasa da awo, don takalmin jika 200 da bai zauna a ƙafa ba, na taya ya fi shi. Ka je gwaji da yamma, lokacin ƙafa ta kumbura, da safar da za ka yi farauta da ita, ta ulu in ka samu, don ta auduga tana riƙe gumi. Ka zura ƙafa ba ka ɗaure ba, ka tura yatsu har su taɓa gaba. Ya kamata yatsan hannu ɗaya ya shige bayan diddige. Sannan ka ɗaure tam, ka nemi wuri mai gangara ka sauka, ko ka harbi ƙasa da kan takalmin. In yatsu suna dukan gaba, ranar saukowa daga tudu farcenka zai yi baƙi ya fita. Ka tsaya kan yatsu kuma, in diddige yana zarewa sama sosai, ba naka ba ne. Lambar da ke jiki kada ta ruɗe ka, 43 na wani kamfani 44 ne na wani, kuma ƙirar Italiya sau da yawa ta fi ta Jamus matsewa, mu kuwa da muka tashi da silifa ƙafarmu tana da faɗi.

Hajiya mai bosho, Wadata

Kuma ka gwada ƙafa biyun, ka duba lambar kowace. A dila akan haɗa ƴan gida biyu.

Ɗan Keita a Yamai

Salamu alaikum, na dawo da labari. Jiya bayan la'asar na koma Katako da safata a aljihu. Na ɗauki na jika 35 ɗin, na danna farce a gefen diddige yadda Hajiya ta ce. Farcen ya shige kamar cikin dafaffen rogo, da na zare wani gari mai ruwan toka ya biyo shi. Mai shagon ma ya yi shiru, don na ga alama shi kansa bai sani ba. Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin tsamo mini jika 35 daga rijiya.

Na yi ta zagaye har kusan magariba. A ƙarshe na samu wani ruwan ƙasa, ƙirar Italiya, fata ciki da waje, da zare layi biyu a zagaye kamar yadda Malam Baduku ya kwatanta. Ba shi da ɗamarar roba, kuma ƙasansa ya ɗan ci ta wajen diddige. Na murɗa ya ƙi, na danna gaba ya ɗan ba da kai a gindin yatsu. Lamba 44 ne, ni kuwa 43 nake sawa, amma yatsa ɗaya ne cif ya shiga baya. Akwai tudun yashi da aka zube gaban wani shagon siminti, na hau na sauka sau biyar, yara suna kallona, yatsuna ba su taɓa gaba ba. Jika 22 muka daidaita.

Yau da asuba na taka da shi daga unguwarmu zuwa bakin kogi na dawo. Dama lafiya lau. Hagu yana ɗan cin bayan diddige, wurin ya yi ja amma bai tashi ba. Ya yi nauyi ƙwarai, kuma Baba, ƙarar tana nan, ni kaina ina jin ta. Tsayuwar ƙafa ɗaya ma na fara, ban kai rabin minti ba a ta dama.

Jagoran Abzin

Madalla. Kada ka kai shi tudu sai ka yi mako uku kana taka shi kullum, kana ƙara nisa, daga baya ka ɗora jarkar a baya. Don diddigen hagu, in ka zo ƙugiyar farko ta wajen idon sawu, ka murɗa igiyar sau biyu a kan juna ka ja kafin ka hau sama, tana danne diddige a mazauninsa. Ka manna filasta a wurin tun bai tashi ba.

Baduku na Tawa

In bai daina ci ba bayan kwana goma, ka biyo da shi in ka sauka Tawa kafin ka shiga motar Keita. Zan jiƙa wurin in buga shi a kan ƙarfe ya buɗe, in kuma ɗinka maka ƴar fata a kan yatsu ta tsaya a madadin ɗamarar. Aikin awa ɗaya ne.

Baba Maharbi

Ka aiko mini da awon ƙahwarka a takarda, in sa a yanka maka na taya. Ka hau gangara da naka, in munka kai fako inda zabi ka kiwo ka tuɓe ka rataya, ka sa nawa. Jarkar kuma ka rage ta zuwa lita 3, akwai rijiya a kwarin.